Alawus a Rigar Maimuna

Duk wanda ya san Maharazu a Fagge zai gaya maka ba ya auna yaro da tef. Kallo ɗaya yake yi masa daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya ce wa uwar ta je sai jajibirin Sallah. Kuma duk rigar da ta fito daga ƙarƙashin kekensa, in ka juya cikinta za ka tarar da alawus a ninke, yadi mai faɗin yatsu uku ko huɗu da ya ɓoye a gefe da bakin hannu. Haka maigidansa ya koya masa tun yana ɗan koyo, cewa telan da ya ɗinka wa yaro daidai jikinsa mugu ne, so yake a dawo masa baɗi. Iyaye mata sun so shi saboda wannan. Riga ɗaya sai ta yi wa yaro Sallah biyu, a farke alawus ta yi ta uku, sannan ta gangara kan ƙaninsa.

To wannan mutumin ne Allah ya ɗauko ya zaunar a wani shago a Karama, cikin Dubai, yana gyaran rigunan da duk duniya babu abin da suka tsana kamar alawus.

Alhaji Abdulganiyyu ne sila, wani ɗan kasuwa mai sarin abaya yana kaiwa Kano. Shi ya ce masa Larabawa na neman telan jallabiya ido rufe. Da Maharazu ya sauka sai ya tarar idon Larabawan a buɗe yake tar, kuma suna da telolinsu. Bayan ya sha yawo ya samu wuri a shagon gyaran tufafi na wani Ba'indiye mutumin Kerala mai suna Zainul Abideen, wanda yake kira Arbab kamar yadda ma'aikata ke kiran maigida a can. Shagon siriri ne, an matse shi tsakanin mai sayar da wayoyi da mai shayi. Keken Maharazu yana can ƙurya bayan kayan da aka rataye, inda babu taga. Sai ya fito salla yake sanin ko rana ta karkata.

A cikin ɗaya daga cikin manyan kantunan garin akwai wani tudu na dusar ƙanƙara da aka yi wa rufi. Waje rana na dafa mutum, su kuma sun ƙera sanyi sun kulle shi a ɗaki, ikon Allah sai kallo. A kan tudun nan samari da 'yan mata ke tseren zamiya, da dogayen katakai ɗaure a ƙafa, suna gangarowa suna kewaye sanduna. Rigar da suke sawa guda ɗaya ce daga wuya har idon sawu, mai roba, tana ɗamewa a jiki kamar fata ta biyu. In ka ɗaga ta a hannu sai ka rantse ta ɗan shekara biyar ce, alhali ƙato ne ke shiga cikinta. Sanda ta tsaga ta, bakin katako ya yanke ta, faɗuwa ta ƙone ta a ƙugu. Kulob ɗin yaran ne ke tattaro su a jaka a kawo wa Arbab.

Ranar farko Maharazu ya yi mata irin ɗinkin da ya sani, miƙaƙƙe mai ƙarfi, wanda ko sa ya ja ba zai tsinke ba. Mai rigar na durƙusawa ɗinkin ya fashe daga gwiwa har cinya. Daga nan ya gane wannan yadi ba ya son ƙarfi, lallashi yake so. Ya koyi sa allura mai dakusasshen baki wadda ke ratsa tsakanin zaren yadin ba ta yanke shi ba, da zare mai miƙewa, da ɗinkin zigzag. Ya samo guntun bututun ruwa ya naɗe shi da tawul, yana zura shi cikin ƙafar rigar don ta miƙe kamar da mutum a ciki kafin ya kama bakin yagewar. Maho kuwa ta ciki yake sa shi, a kewaye ba kusurwa, kuma sai ya juya shi ya juya har miƙewarsa ta bi hanya ɗaya da ta rigar. Inda faɗuwa ta narkar da yadi, sai ya bi bakin da ƙaramin almakashi ya cire duk abin da ya ƙandare. Yana da buhu guda na matattun riguna a ƙarƙashin teburinsa, daga nan yake yanko kowace kala. Cikin 'yan shekaru ya zama in ya gama gyara sai ka shafa da yatsa kafin ka gano wurin.

Gwanintar nan ita ta zama igiyar da aka ɗaure shi da ita. Sau ɗaya ya je gida, a farkon zuwansa. Bayan nan annoba ta rufe hanya, tana buɗewa kuma biza ta yi wa 'yan Najeriya wuya, wanda ya bar aiki ba shi da tabbacin samun takardar wani. A ɗakin da yake haya a Hor Al Anz, inda yake kwana a gadon sama silin na kusa da hancinsa, ya ga abokan kwana suna haɗa kaya ɗaya bayan ɗaya suna tafiyar da ba dawowa. Tasa takardar Arbab ne ya yi ta zirga-zirga har aka sabunta, kuma bai taɓa barin ya manta ba. Ba za a ce Zainul Abideen mugu ba ne, yana kawo masa dafa-dukan shinkafa ta biryani ranar Juma'a, yana tambayar jikin tsohuwarsa. Sai dai duk lokacin da maganar hutu ta taso, ko dai gasa ta kusa, ko yara za su tafi horo Turai, ko dai wani abu. Sai Arbab ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Shwaiya shwaiya, habibi,” wato sannu a hankali, masoyi, maganar ta mutu a nan.

Ya bar 'yarsa Khadijatul Kubra tana famfara, bakinta duk giɓi. Yanzu ga shi makarantar Islamiyyarsu ta sa ranar sauka, kuma tana cikin masu saukar. Al'adar makarantar, in an kira sunan ɗaliba sai mahaifinta ya taso daga cikin taro ya karɓi allon zayyana tare da ita, a ɗauke su hoto. Kubra ba mai yawan roƙo ba ce, ta saba da uban da ke cikin waya. Amma ranar da uwarta Wasila ta miƙa mata wayar sai ta ce, “Abba, ba na son komai. In an kira sunana kai nake so ka tashi.”

Maharazu ya je ya sami Arbab, a karo na farko bai sunkuyar da kai ba. Zainul Abideen ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce to, a gama gasar ƙarshe ta bana, khalas, shi ke nan, ya tafi wata guda. Maharazu ya sa shi ya maimaita. Ranar har mai shayi sai da ya ji labari, har mai wayoyi.

Ya sayi yadi ruwan toka mai laushi ya yanka wa Kubra rigar walima, yana ɗinkawa a lokacin hutun azahar. Wasila ta ce bari ta ari tef a maƙwabta ta auna yarinyar ta turo masa. Abin ya yi masa zafi fiye da yadda ta zata. Shi da ya ɗinka wa rabin yaran Fagge da ido, a ce 'yarsa ta cikinsa sai an turo masa awonta kamar baƙuwa? Ya ce ta bari kawai. Ya ɗauki awon rigar bara ya ƙara, ya ninke alawus mai yawa a gefe da hannu da ƙasa, har ya ji ya wuce gona da iri. Ya so ya kai da hannunsa, amma Wasila ta ce tunda Alhaji Abdulganiyyu na kan hanya a ba shi ya taho da ita, ko da wani abu. Bai ji daɗin wannan “ko da wani abu” ba, amma ya ba Alhaji rigar.

A makon ne rigar Maimuna ta sake dawowa.

Maharazu bai san yaran kulob ɗin a fuska ba, ta rigunansu ya san su. Ya san wanda kullum ke faɗuwa ta hagu, da wanda ke dukan sanda da ƙwauri, da wanda uwarsa ke wanke riga da ruwan zafi duk da an hana. Wannan shuɗiya ce mai layin ɗorawa, an rubuta Maimuna a cikin wuyanta. Karo na uku ke nan tana zuwa, kuma ba sanda ba ce ta yaga ta, ba faɗuwa ba. A hammata take buɗewa, da gefen ƙirji, da ƙugu. Ya shimfiɗa ta a tebur ya yi mata irin kallon nan nasa, nan take ya ga yarinyar a tsaye: sa'ar Kubra ce, ta fara zama budurwa, riga ta yi mata kaɗan ana ta cusa ta a ciki. Ransa ya ɓaci. Mutane da kuɗinsu da komai, a rasa mai duban cewa yarinya ta girma? Ya tuna yadda numfashi ke yi masa wuya in ya kwanta a gadonsa, ya ce wannan dai a hannunsa take, yana iya yi mata wani abu.

Sai ya farke gefe da gefe daga hammata har ƙugu, ya tono shuɗin da ya dace daga buhun matattun riguna, ya sa tsiri a kowane ɓangare don rigar ta sake. Bai tsaya nan ba, hannunsa ya yi abin da ya saba, ya ninke alawus a ciki saboda baɗi. Aiki ya yi kyau, ko shi da ya yi sai da ya ƙara dubawa. Bai gaya wa Arbab ba. A wurinsa gyara ce irin wadda mai awo ke ƙara wa mai saye a kan mudu, ba abin da ake shela ba.

Aka yi gasa ranar Asabar. Ranar Litinin da hantsi wayar Arbab ta yi ƙara, ya saurara, fuskarsa ta canza. Ya ce wa Maharazu ya rufe keke ya biyo shi.

Shekara da shekaru yana ɗinke abin da ƙanƙarar nan ta yaga, amma ranar ce ya fara ganinta, ita ma ta bayan gilashi. Fara fat, yara na gangarowa kamar an jefo su. Kocin kulob ɗin, wani Bature mai furfura, bai ɗaga murya ba. Ya buɗe waya ya nuna musu Maimuna tana saukowa, gefen rigarta na kaɗawa a iska kamar shanya. Ya ce matsewar ita ce amfanin rigar gaba ɗaya, duk inda yadi ya sake iska na kamawa tana ja da mutum baya. Ya ce ninkin da ke ciki ya goge mata fata har ta yi ja. Da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba aka wuce ta, kuma da wannan tazarar ta rasa matsayin da ta shekara tana nema.

Maharazu ya haɗa ɗan Turancinsa ya ce yarinyar girma take yi. Kocin ya ce ya sani, kuma da an gaya masa da ya sa iyayenta sun sayi sabuwa, amma ba tela ne zai yanke wannan hukunci shi kaɗai ba. Maharazu ya san gaskiyar mutumin ce. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Suna tsaye sai ga yarinyar da mahaifiyarta, Larabawa, yarinyar ta rungumo rigar a ƙirji. Tsawonta ya ba shi tsoro, don ya fi abin da ya ƙiyasta. Ta miƙa masa rigar da hannu biyu, ta kira shi Ammu, wato baffa, ta yi magana a hankali yadda zai gane. Ta ce tun da ta fara tsere ba ta taɓa yin numfashi sosai a cikin riga ba sai ranar Asabar, ta gode. Sannan ta ce don Allah ya mayar mata da ita yadda take, a matse, ko da za ta sake yagewa, domin so take ta ci.

Kocin ya kafa sharaɗi. Tunda an yi wa riga ɗaya abin da ba a sa ba, bai san abin da ke cikin sauran ba. Duk rigar da shagon ya taɓa gyarawa za a mayar, a buɗe ta, a duba, a sake ɗinke wadda ke buƙata, kafin yaran su tashi zuwa horo Turai. In ba za su iya ba, akwai wasu shagunan. Tafiyar yaran kuwa 'yan kwanaki ce bayan saukar Kubra.

A mota Arbab bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya yi ta kallon hanya yana magana kamar da kansa yake. Ya ce shi bai iya wannan yadi ba, duk Karama ma bai san wanda ya iya kamar Maharazu ba. In aikin kulob ya tafi, abin da ya rage rage tsawon wando ne da canza zif, wannan kuma shi kaɗai ya isa, ba ya buƙatar tela na biyu, ba zai iya riƙe biza a kan mutumin da babu aikinsa ba. Da suka tsaya a danja ya juyo ya ce, “Ban hana ka ba, habibi. In ka so ka tafi. Amma ka san in ka tafi ba ni da abin da zan dawo da kai a kai.”

Maharazu ya yini a bakin keke bai taka shi ba. Ya yi tunanin tsohuwarsa da maganin hawan jininta, da makarantar Kubra, da ƙannenta biyu, da shagonsa na Fagge da tuni wani ya mayar wurin cajin waya. Ya juya maganar ta kowace fuska yana neman inda aka bar masa ɗan sarari, bai samu ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda zai ɗora wa laifi. Da hannunsa ya yi, kuma da kyakkyawar niyya.

Bayan la'asar ya fita bakin masallaci ya kira Wasila. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, za ta gaya wa ƙaninsa Bashar ya shirya ya tsaya a madadinsa. Ba ta ce da ma ta faɗa ba, amma ya ji ta a cikin muryarta. Ya ce a ba shi Kubra. Wasila ta ce tana bita, kar a katse ta.

Jakunkuna suka fara zuwa. Ya buɗe ɗinkin da ya yi da kyau ya duba ya mayar, riga bayan riga, bai sami aibu ko ɗaya ba. Ta Maimuna ya rataye ta a ƙusa a bayansa ya ce sai ƙarshe.

Ranar sauka, safiyar Kano ta zo daidai da azahar ɗin Dubai. Ya jingina wayar da ƙaton zaren da ke kan tebur, Wasila na riƙe da tata daga ɓangaren mata, hoton na rawa yana yankewa. Ya ga rumfuna, ya ga 'yan mata a jere cikin fararen hijabai, bai iya ware tasa ba. Sai lasifika ta ce Khadijatul Kubra Maharazu. Bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba, har kansa ya bugi kayan da ke rataye. A can cikin wayar Bashar ne ya taso yana gyara hula, ya karɓi allon, aka ɗauke su hoto. Maharazu ya tsaya haka tsakanin keke da bango har aka kira suna na gaba, sannan ya zauna.

Wajen magariba suka sake kira daga gida, ana walima, yana jin hayaniyar mata da ƙarar kwanuka. Wasila ta ce wa Kubra ta ja da baya Abbanta ya gan ta sosai. Shekaru ke nan fuskarta kawai yake gani a waya, yau ya gan ta daga sama har ƙasa. Ta kusa kamo uwarta. Rigar ruwan tokar ta tsaya mata sama da idon sawu, hannun ya kasa kai wuyan hannu, kafaɗar ta ɗame.

Ya ce maza a farke alawus, akwai shi da yawa a gefe da hannu da ƙasa, minti nawa ne.

Wasila ta juyo da wayar kanta, ta rage murya. “Baban Kubra, an farke. Tun ranar da Alhaji ya kawo na kai wa telan bakin layi, ya saki duk abin da ka ninke. Iyakarta ke nan.”

Kubra ta matso ta leƙo ta kafaɗar uwarta, tana jan bakin hannun rigar ƙasa da yatsu. “Ba komai, Abba. Ta yi kyau. In na sa hijabi ba mai gani.”

Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sa Alƙur'ani ya cece ta. Ya kawar da fuskarsa daga wayar, ya ce layin ne ba kyau. Aka kira ta daga tsakar gida ta tafi, wayar ta mutu.

Daga gaban shago Arbab ya ɗaga murya ya ce direban kulob zai zo gobe da safe, saura riga nawa? Maharazu ya ce saura ɗaya. Ya juya ya sauko da shuɗiyar daga ƙusa, ya juya cikinta, ya ɗauki abin farke ɗinki ya fara cire alawus ɗin, zare bayan zare, a hankali don kar ya ji wa yadin ciwo.